Legas na tattalin tsofaffin fina-finanta, namu suna ruɓewa a kwali

Akwai wata al'ada da ta kama tsakanin masu son fim a Legas. Mutum shida ko takwas za su haɗu a falon ɗayansu daren Juma'a ko Asabar, a Yaba ko Surulere ko Gbagada, bayan cunkoson gadar Third Mainland ya sake su, a sayo tsire da lemo, a ja labule, a kashe fitila, kowa ya kife wayarsa. Wanda ya zaɓi fim ɗin ranar zai yi bayanin minti biyar: wa ya yi shi, a wace shekara, me ya sa ya cancanci a ɓata masa dare. Tsoho suke kallo, ko na ban tsoro, ko irin wanda mai shi ya yi da kuɗin aljihunsa ba wani babban kamfani a bayansa. Kwanan baya wani rukuni irin wannan ya fitar da jerin tsofaffin fina-finan Najeriya da ya ce wajibi ne kowa ya gani. Na Ibo na ciki, na Yarbawa na ciki, na Turanci na ciki, na Hausa ko ɗaya babu. Da aka yi ƙorafi, mai jerin ya ce ai fim ɗin Hausa rawa da waƙa ne da aka kwaso daga Indiya, in kuma akwai na kirki a kawo kwafi mai kyau a saka. Farkon maganarsa rashin sani ne. Ƙarshenta ne ya yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Rashin sanin ba shi da wuyar gyarawa. A 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa, tsawonsa minti 142, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. Shekaru da dama an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Cikin waɗanda suka tsaya a kan tono shi har da Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society, wato ko wannan ɗin ma da hannun mutanen Legas ya dawo mana. Sannan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano ya fito a kaset a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage na 1992 da ake cewa shi ya buɗe kasuwar fim ɗin bidiyo a ƙasar nan. Amma Living in Bondage yaron da aka haifa bayansa ya san labarinsa, Ramsey Nouah ya yi masa ci gaba a 2019, an sake yin Nneka the Pretty Serpent a 2020. Turmin Danya fa? A tara matasan Kano masu bin Labarina da Izzar So a tambaye su wa ya taɓa ganinsa.

Abin da ya burge ni da mutanen nan shi ne ba sa wasa da yadda fim zai fito a allo, kuma Legas ba ta sauƙaƙa musu ba. Wuta ce matsala ta farko. Ƙaramin janaretan nan da kowane shago ke da shi yana iya ɗaukar talabijin, amma ƙararsa kaɗai ta isa ta kashe fim ɗin ban tsoro, don rabin tsoron a cikin shiru yake: takun ƙafa, ƙyauren da ya motsa, numfashi. Shi ya sa suke komawa inbata. Lissafin ba wuya. Talabijin mai inci 43 na jan wat 70 ko kusa da haka, ƙaramar sifika wat 30, jimla 100. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa guda, amma irin mai ruwan nan ba a so a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, don haka abin da ke hannu 600 ne, inbata ta ci nata kason, a samu wajen awa biyar. Aka ƙara fanka, wanda a zafin Legas ba makawa, lokacin ya ragu sosai. Majigi mai ƙwan fitila kuwa yana jan wat 250 zuwa 300, batir ɗaya ba zai kai ku ƙarshen Shaihu Umar ba, balle Sholay da ya haura awa uku. Kuma in wuta ta yanke masa farat ɗaya, fankar cikinsa ta tsaya alhali ƙwan na da zafi, abin da ke rage masa kwana ke nan. Ƙananan majigi masu fitilar LED ba su da wannan matsalar, sai dai haskensu ba ƙarfi, dole ɗaki ya yi duhu ƙirin, dole kuma labule mai kauri saboda fitilun tsaron maƙwabta da ke kwana a kunne.

Sai saitin talabijin, wanda mu ba ma taɓawa tun ranar da aka ciro ta daga kwali. Fim ɗin silima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa ɗaya. Sababbin talabijin suna ƙirƙiro hotuna na ƙarya su cusa a tsakani don motsi ya yi santsi, sai tsohon fim ya koma kamar an ɗauke shi jiya da waya. LG na kiran abin TruMotion, Samsung na kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity. A shiga saiti a kashe, in akwai Filmmaker Mode a zaɓe shi a huta. Fim ɗin da aka yi wa tsohuwar talabijin mai faɗin 4:3, kamar duk na zamanin kaset, a bar shi da baƙin shafi hagu da dama. Muna da son cika allo, shi ya sa za ka ga Ibro ya yi faɗi kamar an danne shi. Murya kuma, in fayil ɗin na sifika shida ne aka tura shi cikin biyun talabijin, magana za ta nutse, kiɗa da ƙara su yi sama. A nemi saitin dare ko na fito da magana.

Fayil ɗin kansa shi ne inda muka fi cutuwa. Masu tura fim a waya sukan matse fim ɗin awa biyu ya koma mega 300 don ya shiga ƙaramin memori. Fim mai haske zai jure. Na ban tsoro ba zai jure ba, domin matsewar a wurare masu duhu take fara cin hoto, baƙin ya rabe gida-gida, abin da aka ɓoye a lungun ɗaki don ka hango shi a makare ya narke gaba ɗaya. Ka nemi aƙalla giga ɗaya da rabi zuwa biyu. A Netflix hoto mai kyau yana iya cin giga uku a awa, shi ya sa ake saukewa da rana a inda intanet ke da ƙarfi, ba a dogara da shi da daddare. In fassarar ƙasan allo ta riga magana ko ta makara, a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta harafin G da H ne ke matsar da ita gaba ko baya kaɗan-kaɗan.

Abin da za a kalla kuwa, in dai tsoro ake nema, ni ba na fara ba Bahaushe shawarar na Turawa masu sara da jini. Ka fara da Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, da Farisanci. Wata uwa ce da 'yarta a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, miji an tura shi bakin daga, makami ya faɗo ya huda rufin benen bai fashe ba, maƙwabta suna ta guduwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar tsanar yarinyar ta ɓace, yarinyar ta ce aljani ne ya ɗauke. Aljanin bai zo da ƙaho ko jan ido ba, mayafi ne kawai na mata, ba kowa a cikinsa, yana wucewa ta bakin ƙofa. Wanda ya tashi a gidan da ake hana yara fita da magariba ba sai an yi masa bayani ba. Bayansa His House na Remi Weekes, 2020, kan wasu ma'aurata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu da abin da suka baro ya biyo su har Ingila. A tsofaffi, Night of the Living Dead na George Romero, 1968, baƙi da fari ne, baƙar fata ne jaruminsa, kuma ana samunsa kyauta ta halal saboda an manta ba a sa masa alamar haƙƙin mallaka ba lokacin fitarsa. Masu son Indiya su nemi Mahal na 1949, da Ashok Kumar da Madhubala. Psycho da The Exorcist manya ne a fagen, amma ba na falon da iyaye ko yara ke zaune ba ne, a sani tun kafin a saka.

A na gida Najeriya, Mami Wata na C.J. Obasi, 2023, baƙi da fari, ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin fina-finai na Sundance, kuma shi ne fim ɗin da zai tona asirin talabijin ɗinka in saitinta bai yi ba. Eyimofe na Arie da Chuko Esiri, 2020, ba na tsoro ba ne: wani mai gyaran wuta ne da ke son tafiya Sifen da wata mai gyaran gashi da ke son tafiya Italiya, kuma ban ga fim ɗin da ya nuna wahalar zaman Legas kamarsa ba. A haɗa da October 1 na Kunle Afolayan, ko don a ga marigayi Sadiq Daba a rigar Sufeto Danladi Waziri, da kuma, duk da ba na Najeriya ba ne, Sarraounia na Med Hondo, 1986, kan sarauniyar Lugu ta ƙasar Nijar da ta tari sojojin Faransa.

Ba na cewa komai nasu ya fi. Tsoron tsofaffin fina-finan Legas kusan hanya ɗaya yake bi, a yi tsafin kuɗi, fatalwa ta dawo, fasto ya zo ya gama da ita. Mu muna da mayu, da Doguwa, da 'yan ruwa, da gidan da aka ce ba a kwana a cikinsa, da kukar da ba a ratsawa da tsakar rana, kayan da suka fi nasu yawa da zurfi, illa dai masu fim ɗinmu sukan ɓata su da farar hoda da dariyar ƙeta da walƙiyar kwamfuta. Shirun nan nasu ma na falo, kowa ya ƙame sai an gama a yi sharhi da Turanci, bai kai daɗin kallon tsakar gida ba, tabarma a shimfiɗe, Inna na yi wa jaruma faɗa ta allo, yara na leƙe ta bayan zane. Gorin Indiya kuwa ba ya damuna, mutanen da suka yi shekaru suna cika gidajen silima na Plaza da Orion da Marhaba a Kano ba za su ji kunyar abin da suka taso da shi ba. Sai dai duk wannan kare kai ne. Su suna iya miƙa hannu su ɗauko nasu, mu ba ma iyawa, kuma ba danshin Legas ne ya ci namu ba, don Kano ta fi ta bushewa nesa ba kusa ba. Mu ne muka ɗauki fim abin yayi, a kalla a wuce, wasu ma suna jin nauyin a ce a gidansu aka ajiye shi.

Saboda haka duk wanda ke da kwalin kaset a ɗakin ajiya, a Fagge yake ko a Agege, ko ya san wani tsohon ɗan kasuwar Ƙofar Wambai da bai zubar da nasa ba, aikin ba ya buƙatar hukuma. A fara duba zaren ta tagar kaset ɗin. In an ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, kada a saka shi a na'ura mai kyau, zai toshe kan da ke karanta hoto ya kuma shafa wa sauran kaset. A ware shi, a goge shi a waje da tsohuwar na'ura da ƙyalle marar gashi, da takunkumi a hanci. Mai lafiya kuma a ɓalle ɗan maɓallin gefensa don kada a yi kuskuren ɗauka a kansa, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi kafin a kunna. Don kwashe fim ɗin zuwa kwamfuta ana buƙatar na'urar bidiyo mai tsarin PAL, irin na Najeriya, da waya mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fari na murya, da 'yar na'urar ɗaukar bidiyo mai shiga USB, wadda ake samu a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba, da manhajar OBS wadda kyauta ce. A saita girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Ba a gaggauta shi, kaset ɗin awa uku awa uku zai ci. In hoto ya fara yayyafi, kan na'urar ne ya yi datti: a jiƙa 'yar farar takarda da sifirit mai ƙarfi, a ɗora a hankali a juya gangar da yatsa gefe zuwa gefe, ba sama da ƙasa ba, kuma ban da auduga, tana sarƙewa ta karya kan.

Kwafin farko a bar shi da girmansa, a tsarin ajiye bidiyo na DV awa ɗaya na cin giga 13, daga shi ake cire ƙarami na rabawa. Faifan VCD ya fi sauƙi: a buɗe shi a kwamfuta, a shiga jakar MPEGAV, a kwafe fayil ɗin DAT yadda yake, kada a sake matse shi, don hotonsa dama 352 da 288 ne kacal. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a nan sunan kamfani da 'yan wasa suke, a rubuta shekara in an sani. A ajiye kwafi biyu a gari biyu. Kafin kuma a ɗora a YouTube a nemi mai fim ɗin ko magadansa a yi magana, da yawansu suna nan da rai, wasunsu ma ba su da kwafin aikin nasu.