Mun Yi Musu Tafi, Suka Kwana a Kan Benci

'Yan'uwa cikin Ubangiji, salama. Tun ranar Lahadi akwai abin da yake cina a rai, ko barcin kirki ban samu ba. Bari in faɗa muku, don laifin nawa ne, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Wasu bayin Allah ne suka biyo ta ikilisiyarmu, miji da mata da yara uku, a wata tsohuwar mota da ta sha hanya. Masu yawon bishara ne. Fasto ya ba su dama su ba da shaida. Maigidan ya faɗi yadda aiki ya kuɓuce masa, bashi ya yi masa katutu, aka fitar musu da kaya daga gidan haya. Ana cikin haka ɗansu na fari ya kwanta ciwo, wata da watanni. Matar ta ce akwai lokacin da in ta durƙusa addu'a, kuka kawai take yi ta tashi. A wannan ƙuncin ne suka yi wa Ubangiji alkawari, da ya tashi yaron kuwa suka cika. Yau suna bin garuruwa da ƙauyuka, suna wa'azi, suna ziyartar marasa lafiya, suna ƙarfafa ƙananan ikilisiyoyin da ba su da makiyayi.

Mun yi hawaye, mun ɗaga hannu, mun ce Halleluya har majami'a ta ɗauka. Wasu suna ɗaukar bidiyo. Sai fasto ya tambaya wa zai sauke su kwana biyu kacal. Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba wayata, alhali ina da ɗaki a gida wanda ba kowa a ciki sai tarkace. Washegari na ji cewa an haɗa musu benci a cikin majami'a, a nan yaran suka kwana.

Kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba.

Me ya same mu ne? Muna son labarin wahala in ta wuce, in ta zama shaida mai daɗin ji. Amma mutumin da ya sha wahalar, ga shi tsaye a gabanmu da gajiyar hanya, shi ba ma so ya taka mana ƙofa. "Allah ya taimaka, Allah ya ba da lada." Fatar baki ke nan. Yakubu 2:15-16 ya riga ya tambaye mu amfanin ce wa ɗan'uwa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba tare da mun ba shi komai ba.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 18 ku ga Akila da matarsa Bilkisu. Korarru ne fa. Sarki Kalaudiyas ya umarci Yahudawa su fita daga Roma, wajajen shekara ta 49, suka kwashi abin da za su iya suka sauka a Koranti. Ba su daɗe da zuwa ba Manzo Bulus ya iso, kuma a wurinsu ya sauka, suna ɗinkin tanti tare don sana'arsu ɗaya. Mutanen da aka raba da muhallinsu, su ne suka sami wurin da za su ajiye baƙo. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a garin, da zai tashi suka bi shi zuwa Afisa. A can suka ja wani mai wa'azi, Afolos, gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. A Romawa 16:3-5 sai ga su kuma a Roma, ikilisiya tana taruwa a gidansu, Bulus yana cewa sun sa ransu a haɗari saboda shi. Duk inda ƙafarsu ta tsaya, ƙofarsu a buɗe take. Ni da ba wanda ya kore ni, mene ne uzurina?

Na san abin da za mu ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Zamani ya lalace, akwai masu cin abinci da sunan Yesu. Gaskiya ne, akwai su, kuma bincike ba zunubi ba ne. To amma waɗannan fasto ya san su, dattawa sun ga takardarsu. Ba tsoron maƙaryata ne ya rufe mini baki ba. Ban so a takura mini ne kawai, ban so hayaniyar yara, ban so in rage abin da zan ci.

Matar Shunem ba wa'azi ta yi ba. Ɗan ɗaki ta sa aka gina wa annabi Elisha, da gado da tebur da kujera da fitila, don duk lokacin da ya biyo ya sami wurin hutawa (2 Sarakuna 4:10). Ikilisiyar Filibi ta aika wa Bulus taimako a Tasalonika ba sau ɗaya ba. A wasiƙar Yahaya ta 3 an yaba wa Gayus don yana karɓar 'yan'uwa matafiya ko da baƙi ne gare shi, aka ce masu yin haka abokan aiki ne a kan al'amarin gaskiya. A wasiƙar nan kuma akwai Diyotarifis, wanda ya ƙi karɓarsu, har yana hana masu so. Ranar Lahadi na san gefen da na tsaya, kuma abin ya tsorata ni.

Iyaye mata na zumunta, baba dattawa, matasa, ina roƙonku. Ba kowa Allah ya kira ya bar gida ya kama hanya ba, amma wanda ya kama hanyar dole ya kwana wani wuri, dole motarsa ta sha mai, dole 'ya'yansa su ci su yi karatu. Wa zai yi in ba mu ba?

Na karɓi lambarsu a wurin fasto, na kira na nemi gafara. Matar ta ce, "Ba komai ɗan'uwa, mun saba." Wannan "mun saba" ta fi zagi zafi a zuciyata. Sun saba da mu ke nan.

Za su sake biyowa in Ubangiji ya yarda, na kuwa fara kwashe tarkacen ɗakin nan. Kai ma don Allah je ka duba naka. In babu ɗaki, akwai tabarma, akwai kuɗin mai, akwai kiran waya. Kada ka jira fasto ya tambaya sau biyu. Don Allah, kada 'ya'yan mai bishara su sake kwana a kan benci muna da gidaje.