Janar ɗin da ya mayar da mulki ya koma gona

Shekara tara ke nan ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, hoton George Washington kullum yana aljihuna a jikin takardar dala ɗaya, amma sai watan jiya na gane dalilin da ya sa mutanen nan suke ganin girmansa. Na kai yarana Annapolis, tsohon ginin majalisar jihar. Akwai wani ɗan ɗaki a ciki, bai fi zauren wani attajirin Kano ba, an kafa mutum-mutuminsa na tagulla. A nan ne, ranar 23 ga Disamba 1783, ya tsaya gaban 'yan majalisar ƙasar Amurka, farar hula, ya mayar musu da muƙaminsa na babban kwamandan soja, ya hau dokinsa ya koma gonarsa ta Mount Vernon. Takardar jawabin da ya karanta tana nan cikin gilashi, da rubutun hannunsa.

Ku duba halin da ake ciki a lokacin. Shekara takwas yana jagorantar yaƙi da Ingila, ya ci nasara, sojoji suna ƙaunarsa, majalisa kuma ba ta da ko kuɗin biyansu albashi. A watan Maris na shekarar, a sansanin soja na Newburgh, hafsoshinsa sun fusata har suna shirin yi wa majalisa barazana. Ya shiga taronsu, ya ciro tabarau don ya karanta wata wasiƙa, ya ce musu a hidimar ƙasa ya yi furfura, ga idonsa ma yana neman tafiya. Jikin kowa ya yi sanyi, maganar ta mutu. Da ya so kujera a ranar, wa zai hana shi?

Daga baya aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1789, ya yi wa'adi biyu, ya sauka a 1797 alhali babu dokar da ta tilasta masa. Sai a 1951 aka rubuta iyakar wa'adi biyu cikin tsarin mulkinsu.

Ina tsaye a ɗakin nan, zuciyata tana gida. Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, ya zo a 1974 ya ce ba zai yiwu ba. Zamanin Abacha jam'iyyu biyar suka taru suka ce shi kaɗai ne ɗan takara. A Nijar, tazarcen Tandja na 2009 ne ya jawo juyin mulkin Fabrairun 2010. Mu ma muna da waɗanda suka cika alkawari: Obasanjo ya miƙa wa Shagari a 1979, Abdulsalami ya miƙa a 1999 bai cika shekara ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne ba ma koya wa yaranmu darajar wannan. Wanda ya ƙwace da bindiga muke yi wa kirari.

Ba waliyyi ba ne, kuma na faɗa wa yarana haka. Lokacin da ya mutu a 1799, bayi 317 ne a Mount Vernon, baƙar fata irinmu. Wasiyyarsa ta 'yanta 123 da ya mallaka da kansa, amma da sharaɗin sai bayan ransa da na matarsa. Babbar 'yata ta tambaye ni me ya hana shi sakinsu tun yana raye, tunda ya iya sakin mulki. Har muka iso gida ina juya tambayar a raina.