Karkarwa ce, ba rawar jiki ba

Wallahi raina ya ɓaci da abin da kuka yi wa dattijon nan na bidiyon ɗaurin aure. Bawan Allah yana zaune ana ƙirga sadaki, hannunsa na kan gwiwa yana kaɗawa, ku kuwa kun cika ƙasan bidiyo da "Baba rawar jiki", "Baba ya ga kuɗi". Haba jama'a!

Rawar jiki ta mai zumuɗi ce, wanda ya yi babban baƙo ya rasa inda zai sa shi. Da son ransa yake yi. Makyarkyata ta sanyi ce ko ta zazzaɓin cizon sauro, haƙora na haɗuwa har sai an lulluɓe mutum. Jiki ya ɗauki ɓari don tsoro ko fushi, an jima ya lafa. Abin da ke hannun Baba karkarwa ce. Bai kira ta ba, kuma ko ya ce ta tsaya ba za ta tsaya ba.

Kar wanda ya ce mini wai duk ɗaya ne, ko wai wasa ake yi. Ba ɗaya ba ne! Wanda aka ce yana rawar jiki dariya ake masa, wanda aka ce yana karkarwa asibiti ake kai shi. Karkarwar da ke zuwa hannu yana ajiye, yatsu na murzawa kamar mai jan carbi, tana cikin alamomin cutar Parkinson, wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana tun 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, ne ke mutuwa a hankali. Ba ta warkewa, amma akwai maganin da ke sassauta ta sosai. Wani mai karkarwar kuma sukarinsa ne ya faɗi, wani kuwa magani ne ya jawo masa ita. Ta yaya za a bincika alhali mun riga mun sa wa abin sunan zolaya?

Ɗan damben nan Muhammad Ali ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 hannunsa na karkarwa, duniya ta miƙe tana girmama shi. Mu namu dattijon mun mayar da shi abin dariya. Ina tuna kakana ya daina cin abinci cikin mutane don miya na zubar masa a riga, har yanzu abin na ci mini rai.

Kuma wai wa ya ba ku izinin ɗaga waya a wurin ɗaurin aure? Liman na addu'a, ana shafa fatiha, ku hannuwanku na sama kuna ɗaukar fuskokin iyayen mutane ba ku tambayi kowa ba.