Tumbin ɗan tashe da kyamarar ɗan TikTok

Duk wanda ya tashi a Gusau ko Ƙauran Namoda ya san abin da ke biyo bayan kwana 10 ga azumi. Yara kan fito tashe, wani ya cusa tsummoki a riga ya yi ƙaton tumbi, ya zube a tsakar gida wai ya ci tuwo ya kasa tashi, wani kuma ya manna gemun auduga yana tari yana dogara sanda. Matan gida ba zaman kallo suke yi ba, domin sukan tanka, su tsokane shi, sannan su sallame shi da hatsi ko 'yan kuɗi.

A ganina wannan wasa yana da amfanin da masu kiransa shashanci ba su lura da shi ba. Al'ummar da ta ginu a kan kunya, inda suruki ba ya cin abinci a gaban surukarsa, inda babban mutum zai gwammace ciwon ciki da a ji tusarsa a taro, tana bukatar ranar da za a tuna mata cewa mai rawani ma yana da ciki. Aikin ɗan kama ke nan tun da can: ya zauna kamar malami, ya gyara murya, sai karatun ya koma lissafin tuwo da miya da fura, malaman da ke wurin su riga kowa dariya. Hatta fada ta ajiye wa wawan sarki gurbinsa.

Abin da ya riƙe waɗannan wasanni shi ne kowa ya san wasa ake yi. Akwai lokaci, akwai shiga, akwai ganga, kuma wanda aka taɓa yana da bakin ramawa, kamar yadda Bakabe ke ramawa idan Bakatsine ya tsokane shi.

Nan ne nake raba hanya da samarin da ke ɓoye kyamara a kasuwa, su saki ƙarar tusa daga waya kusa da dattijo, su ɗauki firgitarsa su watsa a TikTok. Suna cewa raha ce irin ta gargajiya, amma dattijon bai san an sa shi a wasa ba, ba a ba shi damar mayar da martani ba, kuma kuɗin da bidiyon ya jawo ba ya ganin ko sisi. Tashe kan ƙare kafin sallah, shi kuwa wannan bidiyo jikokinsa za su tarar da shi.