Muryar Baba ce, amma ba Baba ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida nan Garwa, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai ƙanena ya miƙo min waya yace Yaya saurari wannan. Wallahi sai da jikina ya mutu. Muryar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, wanda muka kai makwancinsa bara, yana kiran sunana yana tambayata ya kasuwa. Ashe yaron tattara vokal ɗin da Baba ya riƙa turo mana a WhatsApp yayi ya zuba wa wata manhaja, ita kuma duk abin da ya rubuta mata sai ta faɗa da muryarsa.

Nayi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Shi kuma cikin zumuɗi yake ce min ai Yaya wannan somin taɓi ne, Turawa na nan na aikin kwashe hankalin mutum kaf a zuba a kwamfuta, jiki ya ruɓe a ƙasa shi kuma ya ci gaba da rayuwa a ciki.

Ba ƙarya yayi ba, akwai masu wannan burin. Wani attajirin Rasha, Dmitry Itskov, tun 2011 ya kafa shiri kan haka ya sa wa kansa wa'adin 2045. A Arizona ta Amurka akwai Alcor, inda ake ajiye gawa, wani ma kai kaɗai ake ajiyewa ban da gangar jiki, cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, wai ko wata rana ilimi zai iso a tashe su, kuma har yau ba a tashi ko mutum ɗaya ba. To ina aikin ya kai? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Sai a 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, ƙwayoyi kusan dubu 140 kacal, bayan shekaru ana fama. A shekarar kuma masanan Harvard da Google suka fitar da taswirar wani ɗan ɓarɓashin ƙwaƙwalwar mutum da bai kai ƙwayar shinkafa ba, bayanansa suka ci terabayit wajen 1,400, ka lissafa waya nawa kenan irin ta hannunka.

Amma ni ba nisan tafiyar ne hujjata ba. A ƙaddara ma sun gama zanen kowace jijiya, to me suka kama? Sawun giwa a bakin Binuwai ko ka auna shi ka zana ka ɗauki hotonsa giwar ta riga ta wuce. Allah yace wa Annabi (SAW) a Suratul Isra'i aya ta 85, suna tambayarka game da ruhi, kace ruhi daga al'amarin Ubangijina yake, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Ruhin nan mala'ika ne ya busa shi tun kana cikin uwarka kuma mala'ika ne zai zare shi, shi za a yi wa tambaya a kabari, kwafin da ke cikin na'ura ko ya iya muryarka da barkwancinka ba zai amsa maka ko tambaya ɗaya ba. Kuma abin da ya fi tsorata ni, wannan tallar ba sabuwa bace. Ku duba Suratu Ɗaha aya ta 120, da me Iblis ya je wa babanmu Adamu? Ko in nuna maka itaciyar dawwama da mulkin da baya ƙarewa. Tallar ce dai, kwali aka canza mata.

Kar wani yace ina gaba da ilimi fa. A Janairun 2024 wani kamfanin Amurka mai suna Neuralink sun dasa wa wani bawan Allah da jikinsa ya shanye na'ura a kai har yana motsa abu a allon kwamfuta da tunaninsa, wannan neman magani ne kuma an umarce mu da neman magani. Rayayye aka taimaka wa. Alƙawarin tsere wa mutuwa kuwa wani abu ne daban, ga Suratun Nisa'i aya ta 78 nan, duk inda kuke mutuwa za ta riske ku ko kuna cikin ganuwa mai tsawo.

Dan Allah masu irin wannan manhajar kuji tsoron Allah, kar ku sa wa mamaci maganar da bai faɗa ba, gobe da ita wani zai ci gadon marayu ko ya raba zumunci. Nace wa ƙanena kar ya kuskura Inna taji, matar da har yanzu takan ajiye wa Baba ruwan alwala da asuba saboda sabo. Vokal ɗinsa na gaskiya mun bari, wancan ya goge a gabana.

Na tuna masa hadisin Muslim, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sai ya sunkuyar da kai yace Yaya akwai fa sauran sefa dubu 15 da mai hatsi yake bin Baba, ya manta bai faɗa min ba. Jiya da safe muka hau moto muka je muka biya, daga nan muka wuce maƙabarta.