Kafin ka ɗauko hayar mota don bidiyo, rera mana waƙar tukuna

Ƙannena masu harkar waƙa, da ku nake yau. Kwanan baya wani ƙanena ya zo mini da lissafi a takarda: kuɗin hayar mota, kuɗin otal, kuɗin mai kyamara, na 'yan rawa, da wani kaso da ya ware don a tura bidiyon ya sami masu kallo. Na ce ya rera mini waƙar. Amshi ne kawai a bakinsa da baiti ɗaya, sauran wai sai ranar shiga situdiyo. Kuma yawancin kuɗin nan bashi zai ci. Da na nuna damuwata sai ya ce, "Yaya, ai yanzu lamba ce take magana, dubi Adele."

To, mu dubi Adelen, mawaƙiyar nan ta Birtaniya. Waƙarta ta "Hello" ta fito ranar 23 ga Oktoba, 2015. A awa 24 na farko an kalli bidiyon sau miliyan 27.7 a Vevo, dandalin bidiyon waƙoƙi na intanet. A Amurka an sayi kwafi miliyan 1.11 ta intanet cikin mako guda, abin da wata waƙa ba ta taɓa yi ba kafin nan. Ta yi mako 10 a saman Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, bidiyon ya kai kallo biliyan ɗaya a YouTube bai cika wata uku ba, sannan a 2017 ta karɓi kyautar Grammy ta gwarzuwar waƙar shekara. Waɗannan su ne lambobin da suke ruɗa ku.

Abin da ba kwa tsayawa ku duba shi ne shekarun da suka gabace su. Kundinta na "21" ya fito a Janairun 2011, na "25" kuwa sai Nuwamban 2015, kusan shekara biyar ke nan. A tsakani jijiyar muryarta ta yi zubar jini, ta soke wasanninta, aka yi mata tiyata a Boston a ƙarshen 2011. Ta haihu a 2012. In ka cire waƙar da ta yi wa fim ɗin James Bond a wannan shekarar, shiru ta yi, alhali duniya na jiran ta buɗe baki. Ita kanta "Hello" da ta rubuta tare da Greg Kurstin, rabi suka yi suka ajiye, sai bayan kimanin wata shida suka ƙarasa ta. Ku kuwa in mako biyu suka wuce ba ku saki sabon abu ba, hankalinku ya tashi wai za a manta da ku. Wannan gaggawar ce take sa ku fitar da ɗanyen aiki, kuma mai sauraro yana ganewa tun daga baitin farko.

Sai bidiyon, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Xavier Dolan, ɗan Kanada mai shekara 26 a lokacin, shi ya ba da umarni, aka ɗauka a karkara kusa da Montreal. Launinsa irin na tsohon hoto ne. Mace ce ta koma wani tsohon gida da ƙura ta rufe, tana yaye yadin da aka lulluɓe kaya da shi, a hannunta tsohuwar waya mai ninkewa, har mutane suka yi ta maganar wayar a intanet. An kashe kuɗi, kada ku yi zaton aikin araha ne, don har da kyamarar IMAX, irin ta ɗaukar manyan finafinan silima, aka yi amfani. Amma duk abin da ido ya gani yana yi wa waƙar hidima: waƙa ce ta nadama da kiran wanda aka rabu da shi da daɗewa, shi ya sa komai a ciki ya tsufa. Kai da kake waƙar kewar masoyiya, me jeren motocin haya da watsa kuɗi suke faɗa game da kewarka?

Maganar sayen masu kallo kuma, don Allah ku bar ta. Billboard tana haɗa ciniki ne da yawan sa waƙa a rediyo da sauraro ta intanet, kuma tun 2019 YouTube ta daina lissafa kallon da aka saya ta hanyar talla a jadawalinta na waƙoƙi. Wanda ya karɓi kuɗinka ya zuba maka kallon bogi ba zai kawo maka mutum ɗaya da zai kira ka wasan biki ba. Ku tuna kuma a lokacin akwai manyan kamfanonin waƙa, XL da Columbia, a bayan Adele, ga kasuwar masu jin Turanci a faɗin duniya. Auna kanka da lambobinta zaluntar kai ne. Haƙurinta a kan aiki shi ne abin da za ka iya ɗauka ba tare da ka ci bashin kowa ba.

Ƙanen nan nawa na roƙe shi abu guda: ya ajiye takardar lissafin, ya kammala baitocinsa, ya zo ya rera mini waƙar daga farko har ƙarshe da bakinsa kawai, babu kiɗa, babu na'urar gyaran murya. Ya ji haushi, ya kwana biyu bai kira ni ba. Jiya da daddare ya turo mini baiti na biyu, kuma ya fi na farkon nesa ba kusa ba.