Fastocin zaɓe: fuska ta yi yawa, alama ta yi kaɗan

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Garwa ko ya bi titin Domayo a Marwa kafin zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoban 2025, ya ga yadda bango ya cika da fuskoki. Jikin katanga, turken lantarki, bayan babur, har gindin darbejiya bai tsira ba. Yau rana ta cinye wasu, sauran kuma suna hannun mai ƙosai tana naɗe wa yara na safe.

Shi ya sa da yawa ke cewa kuɗin fasta asara ne. Sun yi gaskiya ta wani ɓangaren. Paul Biya yana kan mulki tun 1982. Wa ke buƙatar hoto kafin ya san shi? Cikin abokan takararsa, Issa Tchiroma Bakary ɗan Garwa ne, Bello Bouba Maigari kuma ya shekara fiye da 30 yana jan jam'iyyar UNDP. Ban taɓa jin wanda ya sauya ra'ayi don ya ga murmushin ɗan takara a bango ba. Ra'ayi a nan ana dafa shi ne a majalisar shayi, a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gidan suna, yanzu kuma a saƙon murya na WhatsApp.

Amma akwai abin da masu wannan magana ke mantawa, kuma shi ne ya hana ni bin su. A Kamaru ba takarda ɗaya ake dangwalawa ba. Kowane ɗan takara da tasa ƙuri'ar, mai launinta da alamarta. Mai zaɓe zai kwashe su duka ya shiga ɗan ɗakin sirri, ya sa guda a ambulan, ya zubar da sauran. A 2025 'yan takara 12 ne. To, ka auna tsohuwar da ba ta yi boko ba, tana tsaye ita kaɗai da takardu 12 a hannu, layi na jiranta a waje, ba jikan da zai ce mata "Inna, waccan ce". Ta san wanda take so sarai. Abin da take nema shi ne takardarsa. Idan kwana 15 na yaƙin neman zaɓe ta yi su tana ganin wannan launi da wannan alama a hanyar rijiya da ta kasuwa, hannunta ba zai yi dar-dar ba. RDPC, jam'iyyar Biya, ta daɗe da gane haka, shi ya sa alamarta ta harshen wuta ke kan atamfa da hula. Ƙananan jam'iyyu, waɗanda ba su da kuɗin rediyo da talabijin, su suka fi kowa buƙatar bangon.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake tsara fastar. Kai ƙato ya cinye takarda, taken da Faransanci, alamar kuma can ƙasa kamar ƙwayar gero. A yankin da ake ciniki da Fulatanci, Hausa da Larabcin Shuwa, wa aka rubuta wa? Akwai dattawa da yawa da ke karanta ajami ba gargada, amma ba a tuna da su.

Sai batun yage-yage. Dokar zaɓe ta ɗora wa ƙananan hukumomi ware wuraren liƙa fastoci, amma samari ake ba kwali da gam su fita cikin dare, wannan ya liƙa a kan na wancan, gari ya waye da faɗa tsakanin 'yan unguwa ɗaya. Wannan yana min ciwo, domin 'ya'yan ɗan takara ba sa cikin masu kwana a asibiti.

Ga masu shirin tsayawa takarar kansila ko majalisa, roƙona shi ne a rage yawan bugu, a rage girman fuska, a sa hoton ƙuri'ar kanta ɓaro-ɓaro a tsakiya, da layi ɗaya cikin harshen da mai sayar da nono za ta gane.